TSADAR KAYAN KATUN ƊIN JAPAN: BA DA MU AKA YANKA FARASHIN BA

Daga Malamin Lissafi, mai kula da ɗakin kwanan maza

Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin wannan mujalla ta shekara da ya ba ni fili in faɗi albarkacin bakina. Na san wasu za su yi mamakin ganin malamin lissafi ya ajiye alli ya koma zancen katun. To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin zancen da na kawo lissafi ne tsantsa, kuma ya shafi aljihun iyaye da cikin 'ya'yansu.

A zango na biyu na wannan shekarar karatu na lura da wani yaro ɗan aji biyu na babbar sakandare a ɗakin kwanan da nake kula da shi. Yaro ne mai natsuwa, ba ya cikin masu tsallake katanga, ba a kuma taɓa kawo mini ƙararsa ba. Amma sai na ga yana ta ramewa. Da na bincika sai na tarar duk abin da iyayensa suke kawo masa ranar ziyara, madara da sukari da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, sayar wa 'yan ɗakinsu yake yi, yana ƙulle kuɗin a cikin safa a ƙasan akwati. Na kira shi na tambaye shi ko wani babba ne yake ƙwace masa kuɗi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a Malam, tari nake yi." Na ce, "Tarin me?" Ya ce yana so ya sayi mutum-mutumin Naruto na asali, irin wanda ake aikowa daga Japan. Na ce, "Yaro, ai na sha ganin irin waɗannan 'yan tsana a kasuwar Sabon Gari a Kano, ba su kai kuɗin takalminka ba." Sai ya ce, "Malam, waɗancan jabu ne. An ce duk wanda bai mallaki na asali ba, ba masoyin gaskiya ba ne."

Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, waɗanda suka yanka farashin waɗannan kayayyaki ba su san da zamanmu ba lokacin da suke yankawa. Saboda haka kuskure ne babba yaron Wudil ya auna ƙaunarsa da mudun da aka sassaƙa domin ma'aikacin Tokyo.

MENE NE WANNAN ANIME?

Domin amfanin iyaye da sauran masu karatu waɗanda ba su saba da kalmar ba, anime shi ne katun ɗin da ake yi a ƙasar Japan. Yawancinsa daga littattafan labari cikin zane ake ɗauko shi, waɗanda su mutanen Japan suke kira manga. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun sha zama a gaban talabijin ɗin maƙwabta da yamma muna jiran NTA ta sa mana Voltron. Ba mu san cewa asalinsa katun ɗin Japan ne na kamfanin Toei na 1981 ba, wanda Amurkawa suka gyara suka sake masa suna a 1984. Mun ƙaunace shi ƙwarai, amma ban san ko mutum ɗaya a unguwarmu da ya taɓa sayen wani abu mai ɗauke da hotonsa ba.

Yaran yau nasu ya fi namu yawa. Akwai Dragon Ball na Akira Toriyama, wanda ya rasu a watan Maris na 2024. Akwai One Piece na Eiichiro Oda, wanda aka fara bugawa a 1997, littafinsa ya wuce juzu'i 100, katun ɗinsa kuma ya wuce kashi 1,000. Akwai Demon Slayer. Sai kuma Naruto na Masashi Kishimoto, wanda aka buga daga 1999 zuwa 2014, labarin wani maraya da mutanen garinsu suka ƙyamata, amma ya dage har ya zama shugabansu. Ba na cikin masu cewa duk katun shirme ne. A cikinsa akwai mai koyar da juriya da riƙon amana, akwai kuma wanda sam bai dace da yara ba, kamar dai yadda fina-finan ko'ina suke.

Abin da ya kamata mu sani shi ne wannan babbar kasuwa ce. Ƙungiyar kamfanonin katun ta Japan ta bayyana cewa a 2023 kasuwar anime ta haura yen tiriliyan 3.3, kuma fiye da rabin wannan kuɗi daga ƙasashen waje ya fito. Wato masu kallo na ƙetare sun riga sun rinjayi na gida wajen ciyar da wannan sana'a. To, in haka ne, me ya sa har yanzu ake sayar wa na ƙetare kaya kamar ana yi masa alfarma?

MU ZAUNA MU YI LISSAFI

Ɗalibaina sun san ba na yarda da amsa sai an nuna mini yadda aka same ta. Saboda haka ga aikin a fili.

Mu ɗauki littafin manga guda ɗaya. A Japan ana sayar da juzu'i ɗaya a kan yen 500 da 'yan kai. Matsakaicin mafi ƙarancin lada a Japan a 2024 shi ne yen 1,055 a awa ɗaya. Ke nan leburan Japan aikin rabin awa zai yi ya sayi littafin. A Amurka fassarar Turanci takan kai dala 10 zuwa 12, mafi ƙarancin ladan gwamnatin tarayyarsu kuwa dala 7.25 ne a awa, wato aikin kimanin awa ɗaya da rabi. Yanzu mu dawo gida. Mu sa dala a kan naira 1,500, kusan inda ta yi ta kai da komowa a 2024 da 2025. Littafin dala 10 ya zama naira 15,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata, Jihar Kano kuma ta amince da 71,000 a watan Oktoba na 2024. Ke nan littafin da Bajapane ya saya da gumin rabin awa, namu ma'aikacin sai ya ba da albashin kwana shida da ɗoriya.

Labarin Naruto juzu'i 72 ne. Idan aka ninka 72 da dala 10 an sami dala 720, wato naira 1,080,000. Albashin wata 15 ke nan da 'yan kwanaki, ba ci ba sha, ba kuɗin haya, ba kuɗin makaranta. Kuma fa har yanzu littattafan suna can a kanti a ƙetaren teku, ba a ɗauko su ba.

A nan ne ake kukan targaɗe sai ga karaya. Mun zauna da yaron nan mun bi lissafin abin da yake so ya saya. Kuɗin mutum-mutumin dala 40 ne. Kuɗin dakonsa zuwa Nijeriya da aka nuna masa dala 35. La'adar wanda zai saya masa a can dala 5. Jimla dala 80, wato naira 120,000, a kan ɗan guntun roba da bai fi tsawon cokali ba. Wannan ban da abin da banki zai cira, ban da abin da za a iya nema a wajen kwastam, ban da kuɗin motar zuwa Kano ɗaukowa, tun da ba kowane kamfanin dako ne yake kawo kaya har Wudil ba. Idan kuma kayan ya iso a karye, ko ya ɓata a hanya, wa zai kai wa ƙara?

Kada mu manta da yadda naira ta yi. A tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati naira 22 ne a dala, a wajen 'yan canji kuwa wajen naira 80. A farkon 2023 farashin gwamnati yana wajen 460. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi halinta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500. Ke nan ko da ɗan kasuwar Japan bai ƙara ko yen ɗaya ba, kayansa sun ninka kuɗi sau uku a hannunmu cikin shekara guda. Bugu da ƙari, a 2022 bankuna da dama sun taƙaita abin da mutum zai iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a watan Yuli na 2025 aka fara buɗewa. A tsawon wannan lokaci ko mai kuɗin ma sai ya bi ta hannun wani kafin ya biya.

GYARAN DA YA ZAMA TARKO

Duk wanda ya taɓa sayayya a kasuwar Juma'a ta Wudil ya san gyara. Ka sayi tumatir ko gyaɗa, mai kaya ya ɗebo kaɗan ya ƙara maka domin ka ji daɗi ka dawo. Wannan kyakkyawar al'ada ce, kuma ba ta cutar da kowa, domin gyaran wannan rumfa da na waccan duk abu ɗaya ne.

'Yan kasuwar katun su ma suna da nasu gyaran, sai dai sun mai da shi ƙugiya. Idan sabon faifai ko littafi ya fito a Japan, manyan kantuna irin su Animate da Gamers da Amazon na Japan kowanne yakan fito da nasa gyaran dabam. Wannan ya ba da kati mai hoton jarumi, wancan ya ba da hoton bango, ɗayan ya ba da akwatin adana faya-fayan. Wanda ka samu a nan ba za ka same shi a can ba. Wani gyaran ma ba a ba ka sai ka sayi dukkan faya-fayan labarin, daga na farko har na ƙarshe, a kanti ɗaya. Sakamakon haka sai ka ga mutum ya sayi abu ɗaya sau biyu ko sau uku domin kawai ya haɗa gyare-gyaren. A Amurka ma haka ne. Akwai 'yan tsanar Funko da ba a samu sai a kantunan Hot Topic ko GameStop, wasu kuma sai a wajen babban taron masoya katun da ake yi a birnin San Diego.

Akwai kuma wata dabara da ake kira Ichiban Kuji, ta kamfanin Bandai, wadda ake yi a ƙananan kantunan unguwa a Japan. Za ka biya kuɗi ka zari takarda, abin da ka ci shi za a ba ka. Kowace takarda tana da kyauta, amma manyan kyaututtukan 'yan kaɗan ne, mafi yawa tawul ne ko kofi ko makamantansu. Mu mutanen bakin kogi mun san sunan wannan ciniki: sayen kifi a ruwa.

Ya mai karatu, ka lura da hikimar da ke ciki. Roba ce da takarda, injin da ya buga dubu zai iya buga miliyan. Ƙarancin nan da gangan aka ƙirƙire shi, domin a sa mai saye ya ji cewa in bai saya yau ba ya rasa har abada. Da zarar kayan sun ƙare a kanti sai masu sari su fito da waɗanda suka ɓoye, su ninka kuɗin, kamar dai yadda 'yan bumburutu suke yi a bakin titi idan gidajen mai suka rufe.

Shi kuwa masoyin da ke ƙetare, wahalarsa biyu ce. Yawancin irin waɗannan kaya ba a aika su waje kai tsaye. Dole ya nemi kamfanonin dillanci irin su Buyee ko Tenso ko ZenMarket, su ba shi adireshin aro a Japan, su karɓi kayan, su sake ɗaurewa, su aiko, kowane mataki da kuɗinsa. A karar shanu ta Wudil ma akwai dillalai, suna kuma cin la'adarsu. Amma a can kana ganin sanka da idonka, ka duba haƙoransa, ka taɓa tozonsa, ka yi tayi a yi maka albarka ko a sallama. A wannan ciniki kuwa ba tayi, ba gani, ba mayarwa.

Har wa yau akwai shingen da aka gina a cikin faifan kansa. An raba duniya shiyya shida domin faifan DVD: Amurka tana ta 1, Japan ta 2, Nijeriya ta 5. Faifan Blu-ray kuma shiyya uku: Japan da Amurka suna A, Afirka tana B. Idan kamfani ya kulle faifansa, mai na'urar wata shiyya zai iya biyan kuɗinsa cif, faifai ya iso lafiya, na'ura ta ƙi karantawa.

SU MA SUNA DA HUJJARSU

Adalci ne mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Yin katun aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, domin kashi ɗaya na minti ashirin da 'yan kai yana buƙatar dubban zane. Galibi kamfanoni da yawa ne suke haɗa jari, mai buga littafi da gidan talabijin da mai ƙera 'yan tsana da mai waƙoƙi, kowa kuma yana jiran ribarsa ta ɓangarensa. Shekaru da yawa hanyar mai da kuɗin ita ce a sayar da kaya masu tsada ga 'yan tsirarun masoya waɗanda ba sa jin ciwon biya. Shi ya sa a Japan sau da yawa akan raba labari mai kashi 12 zuwa faya-fayai huɗu ko shida, kowanne a kan yen 6,000 ko fiye. Suna kuma tsoron kada su sayar wa ƙasashen waje da araha, mutanen Japan su riƙa sayowa daga can suna barin na gida. Wannan tsoro ne yake sa a jinkirta fitar da faifai a waje, ko a tsauwala masa kuɗi.

Na fahimci wannan. Amma akwai tambayar da nake so kowane ɗalibi ya yi wa kansa: kuɗin nan wa yake ci? Wani bincike da ƙungiyar masu zanen katun ta Japan, JAniCA, ta fitar a 2015 ya nuna cewa ƙananan masu zane, waɗanda suke cike motsin da ke tsakanin manyan zane-zane, matsakaicin abin da suke samu bai wuce kimanin yen miliyan 1.1 a shekara ba, kuɗin da a tsadar rayuwar Tokyo ba ya riƙe mutum. Idan muka koma ga naira 120,000 ta yaron nan, rabinta cif ta tafi ga mai dako da dillali. A cikin sauran rabin mai kanti zai ci, mai ƙera roba zai ci, masu jari za su ci. Abin da zai isa hannun wanda ya yi zanen bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka yunwar da kake sha taimakon mai zane ce, bai yi lissafi ba.

Kuma ko waɗanda suka biya ba su tsira ba. Kamfanin Sony ya sayi Crunchyroll, babbar kafar kallon anime ta intanet, a 2021 a kan dala biliyan 1.175, ya haɗe ta da Funimation. Da aka rufe kafar Funimation a watan Afrilu na 2024, kwafin fina-finan da mutane suka samu a cikinta ta hanyar sayen faifai ba a mayar musu da su sabon gidan ba. Idan haka ta faru da Ba'amurke mai lauya a kusa, ina ga ɗan Wudil?

TO, SAI MU KOMA WAJEN MAI TURA-TURA?

Na san abin da wasu ɗalibai suke faɗa a ransu yanzu: "Malam ya ba mu lasisi, mu tafi shagon tura-tura a cika mana waya." A'a, ban ce haka ba. Mu mutanen Kano mun ga abin da satar fasaha take yi da idonmu. Tun daga Turmin Danya a 1990 sana'ar fim ɗin Hausa ta bunƙasa a kan kaset, daga baya faifai, har kasuwar Ƙofar Wambai ta zama matattarar dillalan fina-finai. Da kwafin sata da turawa a waya suka yi yawa, tare da wasu dalilai, kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, mutane da yawa suka rasa abin yi. Sai da masu sana'ar suka koma yin fina-finai masu dogon zango a YouTube da talabijin, irin su Izzar So da Labarina a 2020, sannan suka fara farfaɗowa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba ya wasa da ashana. Gumin mai zane a Japan da gumin mai fim a Kano duk gumi ne.

Sai dai kuma darasin Kano yana da fuska ta biyu, wadda nake so kamfanonin waje su duba. Masu fim ɗinmu ba da wa'azi suka shawo kan matsalar ba. Sun kai kayansu inda mai kallo yake ne, a kan abin da zai iya biya. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Malamai 'yan'uwana za su tuna littattafan ELBS masu rahusa, waɗanda gwamnatin Ingila ta tallafa wa bugawa domin ɗaliban ƙasashe irin namu har zuwa 1997. Da su da yawanmu muka yi karatun kimiyya. Iyaye mata kuma za su tuna yadda madarar Cowbell ta shigo a 1993 cikin 'yan ƙananan ƙunshi, har talakan da bai iya sayen gwangwani ba ya sami ta shayin safe. Wanda yake son kasuwar talaka, da mudun talaka yake awo.

Wasu daga cikin kamfanonin katun sun fara ganewa. A watan Janairu na 2019 kamfanin Shueisha, mai buga Naruto da One Piece, ya buɗe manhajar MANGA Plus, inda ake karanta babobin farko da sababbin babobi na labarai da yawa kyauta, kuma bisa ƙa'ida. A watan Yuli na 2022 Crunchyroll ya rage kuɗin kallo na wata a ƙasashe kusan 100, a Indiya ya mai da shi rupi 99. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Abin da ya rage shi ne littattafai da sauran kayayyaki. Me zai hana a ba wani kamfanin ɗab'i a Zariya ko Ibadan izinin buga manga a takarda mai sauƙi, a sayar da naira? Me zai hana a ba masu ɗinki da buga riguna na Kano izini su yi riguna na halal? Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, mafi yawansu matasa, ba ƙasar da za a rufe wa ƙofa ba ce sannan a dawo ana kiran 'ya'yanta ɓarayi.

Abin takaici ma, ba kayan Japan kaɗai ba ne. A watan Fabrairu na 2024 aka fitar da Iwaju, katun ɗin da kamfanin Kugali ya yi tare da Disney, labarin da aka gina a kan birnin Legas. An sa shi a Disney+, kafar da a lokacin ba ta aiki a Nijeriya. Sai da aka yi makonni kafin a nuna shi a DStv. Labarin namu ne, amma mu ne na ƙarshen layi.

KIRA GA ƊALIBAI DA IYAYE

Ya ku ɗalibai, ku ji ni da kyau. Ƙaunar labari a zuci take, ba a kan kanta ba. Iyayenku da kakanninku sun cika gidajen silima na Kano irin su Plaza da Orion suna kallon fina-finan Indiya, sun haddace sunayen jarumai, ba wanda ya nemi su nuna rasit. Ku dubi gidajen kallon ƙwallo na garin nan ranar da Arsenal ko Chelsea take wasa. Rigar ƙungiya ta asali takan kai fam 80 ko fiye a Ingila. Mutum nawa ne a kan bencin nan suka taɓa riƙe ta? Amma wa zai ce musu ba magoya baya ba ne? Maganar nan ta "masoyin gaskiya" ɗan kasuwa ne ya fi kowa cin ribarta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wanda ya fara da sayar da madararsa, in ba a yi sa'a ba gobe zai ƙara wa iyayensa kuɗin littafi na ƙarya, jibi ya buɗe akwatin wani.

Saboda haka ga shawarata. Inda aka buɗe ƙofar halal, ku bi ta nan lokacin hutu, da sanin iyayenku. Inda aka rufe, ku haƙura, ba wanda rashin kallon katun ya taɓa kwantarwa a asibiti. Kafin ku sa rai a kan kowane kaya na waje, ku mai da kuɗinsa naira, ku haɗa da dako da la'ada, sannan ku tambayi kanku kwana nawa mahaifinku zai yi yana aiki kafin ya sami wannan kuɗi. In kun yi wannan lissafi tsakani da Allah, na tabbata amsar za ta ishe ku.

Ku kuma iyaye, kada mu tsaya ga faɗa da ƙwace waya kawai. Mu tambayi yaran me suke kallo, me ya burge su a ciki, mu kuma riƙa gaya musu gaskiyar abin da muke samu da abin da muke kashewa. Yaron da ya san nawa ake sayar da kwanon masara ba zai yi saurin raina naira dubu ba.

Daga ƙarshe, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mutanen Japan labaran ƙasarsu suka zana har duniya ta zo saye. A Abuja, Adamu Waziri ya fara katun ɗin yara na Bino and Fino a 2010, ya kuma sami masu kallo har a ƙasashen waje. Mu ma muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Bayajida da rijiyar Kusugu, muna da Sarauniya Amina, muna da labaran masuntan wannan kogi da ke gefenmu. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a cikin garinmu, inda mai sha'awa zai iya koyon aikin kwamfuta. Ina roƙon hukumar makaranta ta ƙarfafa ƙungiyar masu zane, ta kuma ware musu shafi a mujallar baɗi.

Shi kuwa yaron nan, da muka gama lissafi ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Kuɗin da ya tara a zango biyu ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake nema bai kai ba. Mun yi shawara da mahaifinsa, aka mai da kuɗin inda ya dace, aka kuma saya masa littafin zane da fensira daga ciki. Yanzu ya mai da jikinsa. Duk wanda ya shiga ɗakin kwanan maza zai ga wani zane a allon sanarwa, na wani masunci a tsaye cikin kwalekwale a ƙarƙashin gadar Wudil, gashinsa a miƙe kamar na jaruman Japan. Shi ya zana shi, kuma ba a biya ko sisin dako ba.

Ina taya ɗalibanmu masu fita murna, ina kuma yi wa kowa fatan hutu lafiya. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a cikin abin da muke da shi.